Tantance haɗarin aiki wajen kafa sola a kan rufi

Tantance haɗarin aiki wajen kafa sola a kan rufi bincike ne da ake yi kafin ma'aikata su hau saman gini, domin a gano abubuwan da za su iya raunata su ko su kashe su, a auna girman kowanne, sannan a tsara yadda za a kawar da shi ko a rage shi. Alhakin yin sa yana kan wanda ya karɓi aikin, ko kamfani ne ko maigidan da ya zo da yaran aikinsa, kuma a ƙasashe da dama doka ce ta wajabta shi. Binciken ya shafi waɗanda ke kan rufi, da masu miƙa kaya daga ƙasa, da mutanen gidan, da masu wucewa, har da wanda zai hau rufin bayan shekaru domin wanke farantai ko kashe gobara.

Aikin kafa sola ya haɗa sana'o'i biyu da a da ba mutum ɗaya ke yin su ba: aikin mai rufi da aikin mai haɗa wuta. Mai haɗa wuta ya san lantarki amma bai saba takawa a kan kwano ba, shi kuma kafinta ya san inda katako yake amma bai san abin da ke cikin wayar da ya riƙe ba. Ga kuma wani abu da ya keɓanta da sola: farantin ba shi da makunni. Muddin haske na sauka a kansa, akwai wuta a bakin wayoyinsa. Shi ya sa faɗowa daga sama da jan lantarki ne suka fi cin wuri a kowace takardar tantancewa. Tun da kuma babu rufi biyu da suke daidai, ana yin binciken ne a kan kowane gini daban.

Ma'anar kalmomi

Littattafan kare lafiyar ma'aikata na Turanci da na Faransanci suna raba abubuwa biyu da Hausa ke kira da kalma ɗaya, wato haɗari ko hatsari. Na farko shi ne abin da ke iya cutarwa: bakin rufi, waya mai wuta, ruɓaɓɓen katako. Na biyu shi ne yiwuwar abin ya cutar da wani, tare da munin cutarwar idan ta auku. A wannan maƙala ana kiran na farko tushen haɗari, na biyu kuma girman haɗari. Bakin rufin da ba a killace ba tushen haɗari ne ko da babu kowa a sama, amma girman haɗarinsa yana ƙaruwa idan mutum biyu na tafiya da baya a kusa da shi ɗauke da faranti. Kalmar ba ɗaya take da hadari mai d maras lanƙwasa ba, wanda ke nufin gajimaren ruwa, ko da yake a wannan aiki shi ma hadarin yana cikin haɗurran da ake lissafawa.

Asali da dokoki

Wajabta tantance haɗari a rubuce ya samo tushe ne daga dokokin aiki na ƙarshen ƙarni na 20. Amurka ta kafa dokar da ta haifar da hukumar OSHA a 1970, Birtaniya ta yi tata dokar lafiya da kariya a wurin aiki a 1974, sannan Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta amince da Yarjejeniya ta 155 a 1981 da ta 167, wadda ta shafi aikin gini, a 1988. A Turai, umarni mai lamba 89/391 na shekarar 1989 ya ɗora wa kowane mai ɗaukar ma'aikata nauyin tantance haɗurran wurin aikinsa. Ƙa'idojin Birtaniya na 1999 sun ce wanda ke da ma'aikata biyar ko fiye dole ya rubuta abin da ya gano.

Ƙasashe sun bambanta a kan tsayin da ake fara wajabta kariya daga faɗowa. A aikin gini a Amurka ƙafa 6 ne, wato kusan mita 1.8. A Ostireliya, ƙasar da sola ta yi yawa a kan rufin gidaje, aikin ginin da mutum zai iya faɗowa fiye da mita 2 ana lissafa shi cikin ayyuka masu babban haɗari, kuma sai an rubuta bayanin yadda za a yi shi lafiya kafin a fara. Birtaniya ma ta taɓa amfani da ma'aunin mita 2, amma ƙa'idojin aiki a sama na 2005 sun jingine shi: duk inda mutum zai iya faɗowa ya ji rauni, aiki ne a sama. A matakin duniya akwai ISO 45001 na 2018 game da tsarin kula da lafiyar ma'aikata, da IEC 62548 kan yadda ake tsara jerin farantai, da IEC 62446 kan gwaji da takardun da ake miƙa wa mai gida bayan an gama.

Yadda ake yin sa

Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne matakai biyar na hukumar HSE ta Birtaniya: a gano tushen haɗari, a auna wanda zai iya cutuwa da yadda zai cutu, a ɗauki matakin kariya, a rubuta, sannan a riƙa sake dubawa. Matakin farko ba ya yiwuwa daga ofis. Sai an je gidan an zagaya shi, an ga tsayin bango da gangaren rufi da irin kwanon, an leƙa cikin silin an duba katako, an nemo inda za a kafa tsani da inda mota za ta sauke kaya, an ɗaga kai an ga wayoyin da suka ratsa ta sama. Ana tambayar mai gida shekarun rufin, da ko yana yoyo, da ko akwai janareta ko tsohuwar inbata a haɗe da layin gidan. Hoton tauraron ɗan'adam na taimakawa wajen auna faɗin rufi, amma ba ya nuna katakon da gara ta cinye.

Faɗowa daga sama

Faɗowa ita ce kan gaba wajen kashe ma'aikatan gini. A Amurka tana ɗaukar fiye da kashi ɗaya cikin uku na mace-macen wannan fanni, kuma saɓa ƙa'idar kariya daga faɗowa shi ne laifin da masu binciken OSHA suka fi rubutawa shekaru fiye da goma a jere. Mutumin da ya faɗo daga mita 3, wato bakin rufin gida maras bene, yana isa ƙasa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, da gudun da ya kusa kilomita 28 a awa. Babu lokacin kama komai.

Mai tantancewa yana duba hanyoyi uku na faɗowa. Akwai faɗowa ta bakin rufi, wadda kowa ke gani. Akwai faɗowa daga tsani. Akwai kuma ruftawa ta cikin rufin, wadda ta fi yaudara, domin wurin yana kama da abin da zai ɗauki mutum. Kwanon da tsatsa ta ci, da kwanon roba mai shigo da haske wanda ƙura ta rufe har ya saje da sauran, da tsohon rufin siminti mai asbestos, duk suna iya ɓallewa a ƙarƙashin ƙafa ba tare da wata alama ba. Ƙa'idar ita ce a ɗauki kowane rufi a matsayin mai rauni har sai wanda ya san aikin ya tabbatar da akasin haka. A kan rufin kwano ana takawa ne a layin ƙusoshi, inda katako yake a ƙarƙashi, ko a shimfiɗa falanki. Su ma farantan da aka riga aka ɗaura ba wurin takawa ba ne: gilashi ne mai santsi, kuma nauyin mutum yana tsattsaga ƙwayoyin da ke ciki ko da ido bai ga komai ba.

Game da tsani, ana jingina shi ne ta yadda duk tsayin mita 4 gindinsa zai nisanci bango da mita 1, ya ɗara bakin rufi da kusan mita 1, a kuma ɗaure shi daga sama. Mai hawa yana buƙatar hannu biyu da ƙafa ɗaya, ko ƙafa biyu da hannu ɗaya, a jikin tsani a kowane lokaci. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba a hawa tsani da faranti. Faranti mai ƙarfin wat 550 tsawonsa ya kai mita 2.3, faɗinsa mita 1.1, nauyinsa kuma kusan kilo 27. Ana ɗaga shi ne da igiya da kura, ko da injin ɗaga kaya, ko a miƙa shi daga kan dandamalin da magina ke kafawa a jikin gini.

Wurin da tantancewa ta fi yawan kuskure shi ne ɗamarar tsaro. Sau da yawa a kan rubuta cewa ma'aikata za su sa ɗamara, sai a ɗauka an gama da batun faɗowa. Amma ɗamarar da ke tare mutum bayan ya faɗo tana buƙatar sarari a ƙarƙashinsa. Igiyarta tana da tsawon mita 1.8, sashen da ke warwarewa ya rage ƙarfin fizga yana ƙara kusan mita 1.1, tsayin mutumin kansa ya kusa mita 1.8, sannan ana barin rarar kusan mita 1. Jimilla fiye da mita 5 da rabi ke nan daga inda aka maƙala igiyar. Idan an maƙala ta kusa da bakin rufin da tsayinsa mita 3 ne, mutumin zai bugi ƙasa kafin igiyar ta gama aikinta. A irin wannan gida abin da ke amfani shi ne igiyar da aka gajarta ta yadda ma'aikaci ba zai iya kaiwa bakin rufi ba ko kaɗan, ko kuma shingen ƙarfe a bakin rufin, wanda ya fi duka domin yana kare kowa ba tare da an jira wani ya tuna ba. Ƙa'idar Amurka ta sa tsayin shingen ya zama kusan mita 1.1.

Shi ma maƙalin igiyar sai an bincika shi. OSHA ta ce ya iya ɗaukar fam 5,000 ga kowane mutum, wato fiye da tan 2, sai fa idan ƙwararre ne ya tsara shi da lissafinsa. Bututun tankin ruwa, da sandar eriya, da ƙarfen da ake ɗaura farantai a kai, babu wanda aka ƙera domin wannan. Haka kuma tilas takardar ta faɗi yadda za a sauko da wanda ya faɗo yana reto a jikin igiya, saboda ratayuwa cikin ɗamara tana tara jini a ƙafafu, mutum na iya suma cikin mintuna kaɗan.

Lantarkin farantai

Faranti guda yana ba da bolt 40 zuwa 50 idan ba a haɗa shi da komai ba. Amma ana jera farantai ne ɗaya bayan ɗaya, ƙarfinsu yana taruwa, har jerin farantai goma ya kai bolt 500, fiye da ninki biyu na bolt 230 da ke cikin soket ɗin gida. Dokar lantarki ta Amurka ta ƙayyade bolt 600 ga gidajen zama, 1,000 ga sauran gine-gine. Jikin mutumin da ya jiƙe da gumi ba ya tare wuta sosai: bolt 500 na iya tura kusan rabin amfiya ta cikinsa, alhali na'urar kare mutane da ake sa wa a gidaje tana yanke wuta ne a kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya. Ko jan da bai kai na kisa ba yana sa mutum ya zabura, a kan rufi kuwa zabura ɗaya ta isa ta jefo shi.

Akwai abubuwan da ke ruɗin wanda ya saba da wutar gida. Ƙarancin haske yana rage yawan wutar da ke gudana, amma ƙarfin bolt yana kusan cika tun da sanyin safiya ko a ranar da gari ya lumshe. Sanyi ma ƙara shi yake yi, da kusan kashi 0.3 cikin 100 a duk digiri ɗaya da aka sauka ƙasa da 25, don haka safiyar hunturu mai haske ita ce lokacin da jeri ke kai ƙololuwarsa. Rufe farantai da tamfol ba abin dogaro ba ne. Gwajin da cibiyar UL ta Amurka ta yi wa 'yan kwana-kwana a 2011 ya nuna cewa tamfol maras kauri yana barin haske ya ratsa, kuma fitilun motar kashe gobara kaɗai suna iya tayar da wuta mai haɗari a farantai da dare.

Wutar farantai nau'in DC ce, mai gudana ta fuska ɗaya. Wutar layin gwamnati nau'in AC ce, tana juyawa, kuma a ƙasashen da ke amfani da zagaye 50 a daƙiƙa tana sauka zuwa sifili sau 100 a kowace daƙiƙa. Wannan saukar ce ke kashe tartsatsi idan an zare filogi. DC ba ta da irin wannan hutu, saboda haka idan aka raba waya alhali wuta na gudana, sai harshen wuta irin na walda ya tashi ya ci gaba da ci. Shi ya sa mahaɗan wayoyin sola, waɗanda aka fi sani da MC4, suke ɗauke da gargaɗin kada a zare su ana cikin jan wuta. Ana fara kashe inbata, a kashe makatsin DC, a gwada da na'ura, sannan a raba. Masu ƙera inbata da yawa suna cewa a jira kusan minti biyar bayan an kashe, domin akwai sassan da ke riƙe caji a cikinta. Haɗa mahaɗan kamfanoni biyu daban, ko matse waya da filaya maimakon abin da aka yi domin aikin, yana barin wuri mai zafi da zai iya kamawa bayan watanni. Fis ɗin gida kuma ba ya ceto a nan, domin ko wayoyin faranti sun haɗu kai tsaye, wutar da ke gudana kaɗan take ɗara wadda aka saba.

Hanya mafi sauƙi ta rage wannan haɗari ba ta cin ko kwabo: a bar jerin a rabe gida-gida yayin ɗaurawa, a yi haɗin ƙarshe sai an gama komai an gwada. Ana kuma kulle makatsi da kwaɗo a rataya masa alama, mabuɗin yana aljihun wanda ke aiki a kan layin. A gidan da ke da wutar gwamnati da janareta da batura, kashe guda ɗaya ba ya nufin layin ya mutu, kuma ɗaukewar wuta ba kashewa ba ce, tun da ana iya dawo da ita kowane lokaci.

Sai wayoyin da ke ratsawa ta saman gida ko gefensa. Ƙarafan alminiyon da ake ɗaura farantai a kai kan wuce mita 4, kuma mai juya su a kan rufi idonsa yana kan ƙafarsa ne. Wuta mai ƙarfi tana iya tsallakowa ba sai an taɓa waya ba. Amurka ta sa tazarar ƙafa 10, wato mita 3, daga layin da bai wuce bolt 50,000 ba. Idan tazarar ba za ta samu ba, sai a nemi kamfanin rarraba wuta ya kashe layin kafin a fara.

Zafi, iska da ƙura

Kwano da farantai suna ɗaukar zafi fiye da iskar da ke kewaye da su, faranti na iya ɗara ta da digiri 20 zuwa 30. Galabaita daga zafi tana fara taɓa hankali ne kafin ta kayar da mutum: jiri, da jinkirin tunani, da sakin kayan aiki. Hukumomin Amurka suna ba da shawarar shan kofin ruwa guda duk minti 15 zuwa 20, da barin sabon ma'aikaci ya saba da zafi a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu, domin yawancin waɗanda zafi ya kashe a wurin aiki sun mutu ne a makonsu na farko.

Faranti a hannun mutum tamkar filafilan jirgin ruwa yake. Iskar da ke gudun kilomita 36 a awa, wadda ba ta kai guguwa ba, tana tura babban faranti da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 15 zuwa 20, kuma ba ta sallama kafin ta zo. Takardar tantancewa mai kyau tana faɗin lokacin da za a tsayar da aiki, da wanda ke da ikon tsayar da shi: idan iska ta taso, ko hadari ya haɗo, ko an ji tsawa, ko kwano na jiƙe da raɓa.

Ƙurar asbestos kuwa cutarta ba a ranar take bayyana ba. Huda tsohon rufin asbestos yana sakin zaruruwan da ido ba ya gani, waɗanda ke haddasa kansar huhu da ta fatar da ke lulluɓe da huhu bayan shekaru 20 zuwa 40 ko fiye. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Ostireliya a ƙarshen 2003, amma tsofaffin rufuna suna nan. Galibi shawarar ita ce kada a kafa sola a kansa.

Batura da gobara

Batirin ruwa mai amfiya-awa 200 nauyinsa ya kai kilo 60, yana ɗauke da ruwan asid, kuma yayin caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda ke iya kamawa idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki. Sifana ɗaya da ta faɗa tsakanin kawunansa biyu ta isa ta narke. Batirin litiyom ya fi sauƙin ɗauka, amma idan ya lalace ko ya yi zafi fiye da kima yana iya kamawa da wutar da ke da wuyar kashewa. Don haka wurin ajiye batura yana cikin abin da ake tantancewa: mai iska, nesa da ɗakin kwana da hanyar fita da hannun yara.

Gobarar da ta tashi a rumbun ajiyar kamfanin Dietz & Watson a jihar New Jersey a watan Satumba na 2013, inda rufin ke ɗauke da farantai fiye da 7,000, ta nuna yadda tsoron wutar farantai ke hana 'yan kwana-kwana hawa rufi. Tun daga bugun 2014, dokar lantarki ta Amurka ta wajabta na'urar da ke saukar da ƙarfin wuta cikin gaggawa, bugun 2017 kuma ya ce a cikin jerin farantai ya sauko zuwa bolt 80 cikin daƙiƙa 30. A 2019 kamfanin Walmart ya kai Tesla ƙara kan gobarar da ta tashi a rufin shagunansa bakwai, daga baya suka sasanta a shekarar.

Auna girman haɗari da zaɓen kariya

Yawancin kamfanoni suna amfani da jadawali mai gida biyar a tsaye da biyar a kwance. Ana ba yiwuwar aukuwa maki 1 zuwa 5, munin sakamako ma 1 zuwa 5, sai a ninka. Hawa rufin kwano maras shinge zai iya samun 4 sau 5, wato 20, bayan an kafa shinge kuma ya koma 1 sau 5. Munin faɗowa bai ragu ba, yiwuwarta ce ta ragu. Jadawalin yana da amfani wajen sanin abin da za a fara da shi, amma makin ra'ayin mai cikewa ne, kuma yankan hannu da ke faruwa kullum zai iya samun maki ɗaya da mutuwar da ba kasafai take aukuwa ba. Masanin nazarin haɗari Tony Cox ya yi wa tsarin irin wannan suka a wata maƙala ta 2008.

Wajen zaɓen kariya ana bin daraja ne daga sama zuwa ƙasa. Mafi inganci shi ne kawar da tushen haɗarin: idan akwai fili, a kafa farantai a ƙasa ko a kan rumfar mota, ko a harhaɗa duk abin da zai yiwu a ƙasa kafin a hau. Sai musanya shi da mai sauƙi, kamar amfani da ƙananan inbata da ake maƙala wa kowane faranti, ta yadda babu dogon jeri mai ɗaruruwan bolt. Sai kariyar da aka gina, kamar shinge da dandamali. Sai tsarin aiki, wato horo, da killace ƙasan wurin da ake aiki, da fara aiki da sassafe. Kayan sawa, irin su hular kwano da safar hannu da takalmi mai riƙe ƙasa da ɗamara, su ne na ƙarshe, duk da cewa su aka fi gani a hotunan talla.

Matakin kariya ma yana iya haifar da nasa haɗarin. Daga 2012 ƙa'idar AS/NZS 5033 ta wajabta sanya makatsin DC a kan rufi a Ostireliya, domin a iya yanke wuta tun daga kusa da farantai. Rana da ruwan sama suka riƙa lalata akwatunan, har suka zama cikin manyan musabbaban gobarar sola a ƙasar. Bugun 2021 ya sassauta wajibcin.

A Najeriya da Nijar

Kafa sola a gidaje da shaguna ya ƙaru a Najeriya bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da ƙarin kuɗin wuta ga 'yan rukunin A a watan Afrilu na 2024. A Nijar ma buƙata ta tashi bayan Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar a watan Agusta na 2023. Yawancin aikin yana hannun ƙananan masu sana'a da yaran da ke koyo a wurinsu, ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba.

Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 155 a 1994, da ta 187 a 2022. Babbar dokarta ta kare lafiyar ma'aikata, Dokar Masana'antu ta 1987, an tsara ta ne da masana'antu a zuciya, ba rufin gidajen unguwa ba. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga asusun NSITF, wanda ke biyan diyya idan an ji rauni ko an mutu a bakin aiki. Hukumar NEMSA ce ke duba ayyukan lantarki da ba da shaidar ƙwarewa ga masu haɗa wuta, SON kuma ke kula da ingancin kayan da ake shigowa da su. A Nijar, Dokar Ƙwadago ta 2012 ce ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin kare su, asusun CNSS kuma ke kula da raunin aiki.

Yanayin ƙasar Hausa yana sauya lissafin ta fuskoki da dama. Gidaje marasa bene masu rufin kwano sun fi yawa, wato daidai irin ginin da ɗamara mai doguwar igiya ba ta da amfani a kansa. Gidaje suna manne da juna, lungu ba ya barin a kafa tsani da tazarar da ta dace, wayoyin wuta kuma sukan bi ta kan katanga. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, kuma azumin 2024 da na 2025 duk sun faɗo cikin wannan lokaci. Shawarar shan ruwa duk minti 20 ba ta aiki ga mai azumi, don haka abin da ya rage shi ne sauya lokacin aiki: a hau da gari ya waye, a sauko kafin rana ta take. Ƙurar hunturu tana sa kwano santsi, tana kuma tilasta wanke farantai a kai a kai, aikin da galibi yaron gida ake turawa ya yi da bokiti da silifa. Saboda haka inda aka ɗora farantai, da ko an bar hanyar takawa a tsakaninsu, da ko ana iya kai musu da doguwar sanda daga wuri mai aminci, duk suna cikin abin da mai kafawa ke yanke hukunci a kai tun ranar farko.

Rubutawa da sake dubawa

Takardar tantancewa tana ɗauke da adireshin ginin, da ranar da aka duba shi, da kowane tushen haɗari da matakin da aka ɗauka a kansa, da sunan wanda zai aiwatar, da asibiti mafi kusa da yadda za a kai mutum can. Ana karanta wa ma'aikata ita kafin a fara, cikin harshen da suke ji, ba a miƙa musu su sa hannu kawai ba. Babban aibin da masu bincike ke samu shi ne takarda ɗaya da ake kwafewa daga aiki zuwa aiki ana sauya adireshi.

Ana sake duba ta kowace safiya, da duk lokacin da wani abu ya sauya: an tarar da ruɓaɓɓen katako bayan an ɗaga kwano, ko an kawo farantai da suka fi waɗanda aka tsara girma, ko sabon yaro ya shigo aikin, ko wani ya zame amma bai faɗo ba. Idan an gama, ana bar wa mai gida zanen yadda aka ja wayoyi da bayanin yadda ake kashe tsarin mataki-mataki, a kuma manna alama kusa da mitar gidan da ke nuna cewa akwai sola a kan rufi.